Kujerar Sarki da Tabarmar Talaka: Ra'ayi a Kan Koyar da Adabin Baƙar Makoma ta Hanyar Wasan Mulki

Gabatarwa

Wasu malaman adabi a Amurka da wasu ƙasashe sun ɗauki wata dabara ta koyar da littattafan su George Orwell da Aldous Huxley, wadda idan mutum ya ji ta farat ɗaya zai ce shiririta ce. Dabarar kuwa ita ce, malami ya sa kowane ɗalibi ya shiga wani wasa na intanet mai suna NationStates, ya kafa ƙasa tasa ta kansa, ya yi ta mulkinta a daidai makonnin da ake karanta littafin a aji. Da yake mu ma a wannan sashe muna da namu rabon a cikin irin wannan adabi, tun da Malam Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Animal Farm Hausa a 1975 ya kira shi Gandun Dabbobi, sai na ga ya kamata in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wannan al'amari, bayan ni kaina na taɓa wasan na ɗan lokaci.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wasan yana da amfani, kuma ina goyon bayan a gwada shi. To, amma fa yana da wani babban giɓi wanda idan malami bai lura da shi ba, ɗalibi zai fito da akasin abin da marubutan nan suka yi nufi. Giɓin kuwa shi ne, wasan a kan kujerar sarki yake ɗora ɗalibi, alhali kuwa littattafan daga kan tabarmar talaka aka rubuta su.

Abin da ake nufi da adabin baƙar makoma

Kafin in shiga zancen gadan-gadan, ya kamata mu daidaita a kan suna. A 1516 Thomas More na Ingila ya wallafa wani littafi da Latinanci mai suna Utopia, inda ya siffanta wani tsibiri da ya ƙaga, mai kyakkyawan tsarin zama. Daga Girkanci ya ƙera sunan, ma'anarsa kuwa wurin da babu shi. Daga baya aka ƙera masa kishiya, watau distofiya, mugun wuri ke nan, kuma John Stuart Mill ya yi amfani da kalmar a majalisar dokokin Ingila a 1868, lokacin da yake sukar manufar gwamnati a kan Ailan. A Hausa ni na zaɓi in ce adabin baƙar makoma, domin yawancin littattafan nan suna ɗaukar wata ɗabi'a ce da marubuci ya gani a zamaninsa, su ja ta gaba har inda za ta tuƙe, su ce wa mai karatu ga inda aka dosa. Na san za a ce Gandun Dabbobi ba labarin gobe ba ne, almara ce ta dabbobi da aka gina a kan juyin juya halin Rasha na 1917 da mulkin Stalin. Haka ne. Amma tun da yana nuna yadda kyakkyawan fata yake rikiɗewa ya zama ƙangi, na sa shi cikin dangin, wanda ya sami sunan da ya fi wannan kuwa, ga fili ga mai doki.

Manyan littattafan wannan fanni sanannu ne. Akwai We na Yevgeny Zamyatin, wanda ya fara fitowa da Ingilishi a 1924, ba a kuma yarda an buga shi a Tarayyar Sobiyat ba sai 1988. A cikinsa mutane ba su da suna sai lamba, gidajensu kuwa na gilashi ne don kowa ya ga kowa. Akwai Brave New World na Huxley, 1932, inda ake ƙyanƙyasar jarirai a cikin kwalabe, a kasa su aji biyar tun kafin su zo duniya, a kuma riƙa ba jama'a wata ƙwaya mai suna soma da ke kashe baƙin ciki. Akwai 1984 na Orwell, wanda ya fito a 1949, da Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, 1953, inda aikin 'yan kwana-kwana ya koma ƙone littattafai, sa'an nan da The Handmaid's Tale na Margaret Atwood 'yar Kanada, 1985.

Yadda wasan yake

Wani marubuci ɗan Ostareliya, Max Barry, shi ya buɗe NationStates a watan Nuwamba 2002, da nufin tallata littafinsa Jennifer Government wanda ya fito a 2003. Shi ma littafin nan na baƙar makoma ne, sai dai dodonsa ba gwamnati ba ce, kamfanoni ne. An soke haraji, gwamnati ta zama 'yar amshin shata, kowane mutum kuma sunan kamfanin da yake wa aiki shi ne sunansa na biyu. Ashe ke nan tun daga tushe wasan ɗan gidan wannan adabi ne, ba baƙo aka jawo aka haɗa su ba.

Shiga wasan kyauta ne. Mutum zai raɗa wa ƙasarsa suna, ya zaɓi tuta da kirari da sunan kuɗi da dabbar da za ta zama alamar ƙasa, ya amsa 'yan tambayoyi game da ra'ayinsa na siyasa, sai a danƙa masa mutum miliyan 5 a ce ga talakawanka. Daga nan kullum matsaloli za su riƙa zuwa gabansa. Kowace matsala takan zo da mutum biyu ko uku ko fiye, kowa yana kawo hujjarsa, shugaba ya zaɓi ɗaya ta zama doka, ko ya yi watsi da maganar gaba ɗaya. Alal misali, akan tambaye shi ko a tilasta wa jama'a jefa ƙuri'a, ko a bar kowa da ra'ayinsa, ko ma a soke zaɓen kowa ya huta. Akan tambaye shi ko a kafa na'urorin ɗaukar hoto a tituna don maganin ɓarayi, ko a bar wata ƙungiya mai mugun ra'ayi ta yi jerin gwano, ko a tilasta cire sassan jikin mamaci don ceton marasa lafiya. Ana auna ƙasa da ma'auni uku, watau 'yancin ɗan adam a rayuwarsa ta yau da kullum, da 'yancin tattalin arziki, da 'yancin siyasa. Daga haɗuwar waɗannan ake sa ta cikin ɗaya daga rukuni 27, tun daga dimokuraɗiyya mai sanyin hali har zuwa mulkin kama-karya na mahaukaci. Ƙasashe suna zama cikin yankuna, akwai kuma majalisar duniya da suke yin dokoki a cikinta. Da farko ma Majalisar Ɗinkin Duniya ake kiranta, sai ta gaskiyar ta aiko da takardar gargaɗi a 2008, tilas aka sake mata suna. An kuma tanadi hanyar da malami zai buɗe wa ajinsa yanki a kulle, babu mai shiga sai ɗalibansa.

Abin da wasan yake koyarwa

Babbar wahalar da ɗalibi yake sha da littattafan nan, a nawa ganin, ita ce yawancinsu suna buɗewa ne bayan aikin gama ya gama. A farkon littafin 1984 mun tarar da Jam'iyya ta riga ta kafu, allon leƙen asiri yana cikin gidaje, Winston Smith yana Ma'aikatar Gaskiya yana gyara tsofaffin jaridu don su dace da ƙaryar yau. Mai karatu yakan ce a ransa, wane irin mutane ne waɗannan da suka zauna aka yi musu haka? Yakan ɗauka cewa waɗansu miyagu ne suka faɗo daga sama, su kuma jama'a wawaye ne. Da zarar ya ɗauki wannan ra'ayi kuwa, littafin ya tashi daga gargaɗi ya koma tatsuniyar dodo, wadda ake ji a yi barci.

A nan ne wasan yake da rana. Ni da na kafa tawa ƙasar, da niyyar adalci na shiga, har ina ce wa kaina za a ga mulkin da ba a taɓa gani ba. Aka kawo mini maganar ɓarayi, na ce a kafa na'urorin ɗaukar hoto, ai marar laifi ba ya tsoron a gan shi. Aka kawo maganar masu mugun ra'ayi da ke son jerin gwano, na ce a hana, don me za a bar su su ta da fitina? Aka kawo wata magana ta masu sukar gwamnati, na ga lalle suna wuce gona da iri, na ɗan ja musu linzami. Babu ɗaya daga cikin hukuncin nan da na yanke da mugun nufi, kuma kowanne in aka tsayar da ni a kansa zan iya kare shi da hujja. Amma da aka ɗan jima na duba, sai na tarar an sa ƙasata a rukunin da ake kira ƙasar da uba ya fi kowa sani, watau inda jama'a suke da abinci da kwanciyar hankali daidai gwargwado, amma ba su da bakin magana a kan wanda zai mulke su. Kunya ta kama ni, ko da yake ba mai kallona sai allon waya.

Wannan ita ce fahimtar da lacca ba ta cika bayarwa ba, domin gani ya kori ji. Ɗalibin da ya taɓa wannan, in ya koma ga Gandun Dabbobi, zai karanta zancen madara da 'ya'yan itace da wani ido dabam. Zai lura cewa ranar da aladu suka keɓe wa kansu wannan ɗan abinci, da hujjar cewa su ke aikin ƙwaƙwalwa, wasu dabbobi sun ɗan yi gunaguni amma aka bar maganar, kuma hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Zai lura da yadda aka soke taron mako da sunan hana ɓata lokaci, da yadda dokoki bakwai da ke jikin bango suka riƙa samun ƙarin kalma ɗaya ko biyu cikin dare. Haka kuma zai fi gane bayanin da Kyaftin Beatty ya yi wa Montag a littafin Bradbury, cewa ƙone littattafai ba daga umurnin gwamnati ya faro ba, jama'a ne da kansu suka fara gajiya da karatu, kowane rukuni kuma yana neman a cire abin da ya ɓata masa rai, sai daga baya hukuma ta zo ta ɗora hatimi.

Bugu da ƙari, wasan yana tilasta wa ɗalibi ya saurari hujjar wanda ba ya so. Huxley bai yi Mustapha Mond wawa ba. Ɗaya ne daga cikin mutum 10 da ke riƙe da duniya, ya karanta Shakespeare alhali ya hana kowa karantawa, kuma da ya zauna da saurayin nan John ya shimfiɗa masa dalilansa, cewa an sayar da fasaha da gaskiya ne aka sayi zaman lafiya, mai karatu yakan rasa ta inda zai kama shi. Ɗalibin da bai taɓa zama inda za a ce masa zaɓi tsakanin tsaro da 'yanci ba, zai wuce wannan babi da sauri, ya rubuta a jarrabawa cewa Mond azzalumi ne, ya karɓi makinsa. Wanda ya taɓa zama kuwa, ya san cewa akwai ɗan ƙaramin Mond a cikinsa.

Inda gizo yake saƙa

To, duk da wannan yabo, ga inda na rabu da masu ɗokin wasan. Mu duba littattafan nan ɗaya bayan ɗaya, mu tambayi kanmu, da idon wa muke kallo? A We, da idon D-503 ne, injiniya mai lamba maimakon suna. A 1984 da idon Winston ne, ƙaramin ma'aikaci mai gyambo a ƙafa, wanda samun rezar aski ma wahala yake yi masa. A littafin Atwood da idon Offred ne, matar da aka raba da 'yarta da sunanta. A Gandun Dabbobi ba a taɓa shigar da mu cikin zuciyar Maitumbi ba; muna waje tare da sauran dabbobi, muna leƙe ta taga. Babban Yaya kuwa, wanda hotonsa ya cika 1984, ko sau ɗaya bai fito a fili ba, har ba a tabbatar ko akwai shi ba. Wannan ba haɗari ba ne, zaɓi ne na marubuta. Sun san cewa mulkin zalunci daga sama lissafi ne, daga ƙasa ne yake zama ciwo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi kuwa wasa ya juya hoton. Ɗalibi shi ne Babban Yaya. Talakawansa miliyoyi ne, amma bai san fuskar ko ɗaya ba; waɗanda ke zuwa gabansa da ƙara ma 'yan tsana ne da aka ƙera don ban dariya. In ya yanke mugun hukunci, abin da zai gani shi ne wasu alƙaluma sun hau, wasu sun sauka, sa'an nan a ƙara wata jimla ta barkwanci a cikin bayanin ƙasarsa. Ba a yi masa juyin mulki, ba a kayar da shi zaɓe, ba a cin wasan, ba a kuma faɗuwa. Yawan jama'arsa ƙaruwa yake yi kullum, ko ya yi adalci ko ya yi ta'asa. Abu ɗaya da ke kashe ƙasa shi ne mai ita ya yi kwana 28 bai leƙo ta ba. Ashe a wannan duniya laifin shugaba ɗaya ne tak, watau ya manta da kujerarsa.

Me zai biyo baya in aka saki samari da 'yan mata talatin cikin irin wannan fili? Kowa ya san halinmu. Kafin mako ya zagayo za a fara gasar wanda ƙasarsa ta fi ta kowa muni, ana nuna wa juna waya ana ƙyalƙyala dariya, wannan ya hana zaɓe, wancan ya halatta bauta. Ba na cewa dariya haramun ce a adabi. Shi kansa Orwell gwanin zambo ne. Amma akwai bambanci tsakanin dariyar da wanda aka danne yake yi wa mai danne shi, da dariyar da mai danniya yake yi don abin ya ba shi nishaɗi. Wurin da aka zo da mota aka ɗauki Akawal, dokin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kan gandu, aka ce asibiti za a kai shi alhali mahauta aka sayar wa, an rubuta shi ne don ya tsaya wa mai karatu a maƙogwaro. Ɗalibin da ya yi wata guda yana sayar da dubban Akawal da ɗan yatsa yana dariya, ina tsoron kada ya iso wannan shafi zuciyarsa ta riga ta yi kanta. Mu kuwa a ƙasar nan ba mu da uzurin ɗaukar abin wasa. A shekarar 1984 ɗin kanta, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, an ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda saboda labarin da suka buga.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da wannan giɓi shi ne tunawa da namu wasannin na gargajiya, domin kwaikwayon mulki ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. A wasan gauta, matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa, a gaban idonsu, har mai mulki ya hangi aibinsa a jikin wani. A kalankuwa kuma, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye sukan naɗa wa junansu muƙamai, wannan gwamna, wancan alƙali, ga 'yan doka, su yi mulkinsu na 'yan kwanaki. Amma a lura, gwamnan kalankuwa talakawansa mutane ne masu jini a jika, abokan wasansa ne. In ya wuce wuri za su yi masa ihu, kuma in an watse tare za su koma gona. Wannan shi ne abin da na'ura ba ta ba ɗalibi, watau idon wanda aka yanke wa hukunci.

Akwai wata illa kuma da ta fi wannan ɓoyuwa. An gina wasan a kan zuguguwa: duk abin da ka zaɓa, sai a ja shi har ya zama abin dariya. Ka taimaki matalauta, a ce haraji ya kashe kasuwa. Ka saki kasuwa, a ce an bar marasa ƙarfi a titi. Barry ya yi haka ne da gangan don zambo, kuma yana da daɗi. Amma darasin da ɗalibi zai iya tsinta shi ne, kowane mulki kanwar ja ce, babu zaɓin da ya fi wani. Wannan kuwa ba ra'ayin Orwell ba ne ko kaɗan. Mutumin da ya tafi Sifen a ƙarshen 1936 ya ɗauki bindiga, har harsashi ya huda masa wuya a 1937, bai yi haka don yana ganin duk ɗaya ba ne. Har ila yau, ma'auni ukun nan da rukuni 27 ba daga sama suka sauko ba. Ra'ayi ne na mutanen da suka tsara wasan, waɗanda suka tashi cikin siyasar Turai da Amurka da Ostareliya. Ya kamata a karanta wasan kansa kamar yadda ake karanta littafi, a tambayi wa ya rubuta, me ya ɗauka a matsayin 'yanci, me kuma ya bari a waje.

Sauran matsalolin ƙanana ne, ko da yake su za a fara ambata. Wasan da Ingilishi yake, Ingilishin ma mai cike da habaici. Sai da waya da kuɗin data da wutar caji, kuma ba kowane ɗalibi yake da su a kullum ba. Sauƙin abin dai shi ne yawancinsa rubutu ne, ba ya cin data kamar bidiyo, kuma mutum uku suna iya haɗuwa a kan ƙasa ɗaya. Hasali ma gardamar da za su yi kafin su danna ta fi dannawar amfani.

Yadda nake ganin za a yi

Shawarata ga malamaina, cikin ladabi, ita ce a yi wasan hawa biyu, a kuma ba hawa na biyu maki mafi yawa. Da farko dai littafi ne gaba, wasa a baya. Wanda bai karanta rabin Gandun Dabbobi ba kada a ba shi ƙasa, in ba haka ba zaure zai zama shi ne gidan. Sa'an nan kowane ɗalibi ya riƙe kundin mulki. Kafin ya danna kowane zaɓi, ya fassara matsalar da Hausa a taƙaice, ya rubuta abin da ya zaɓa da dalilinsa. A kuma gaya masa tun farko cewa ya yi mulki da gaskiyarsa, kamar da gaske ne, domin wanda ya shiga da niyyar zama dodo babu abin da zai koya. Darasin yana wurin mai kyakkyawar niyya da ya wayi gari ya ga inda ta kai shi.

A cikin wannan hawa na farko akwai aikin da ya shafe mu ƙwarai a matsayinmu na ɗaliban harshe. Kowane shugaba ya ɗauki doka mafi tsanani da ya kafa, ya rubuta sanarwar da za a karanta wa jama'a a rediyo da Hausa, yadda za su karɓa har su yi godiya. Watau ya zama Karambana na kansa. A nan zai ga da hannunsa yadda ƙarin kuɗi yake komawa daidaita farashi, korar ma'aikata ta koma garambawul, kama mutum ya koma gayyata don amsa tambayoyi. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma kayan aikin bafade harshe ne. Orwell ya damu da wannan ƙwarai, har ya liƙa wa 1984 rataye na musamman a kan sabon harshen da Jam'iyya take ƙerawa, wanda ake rage masa kalmomi kowace shekara don a wayi gari babu kalmar da za a yi tunanin tawaye da ita. Ɗalibin da ya gwada murɗa Hausa da kansa zai fi saurin jin ƙarar murɗawar in wani ya yi masa.

Hawa na biyu shi ne sauka daga kujera. Bayan mako huɗu ko biyar a tsayar da mulki, a rubuta sunayen ƙasashen a takarda, a yi ƙuri'a, kowa ya ɗauki ƙasar wani. A ba shi kundin mai ƙasar da duk dokokin da ya kafa. Aikinsa shi ne ya rubuta gajeren labari da Hausa, da bakin mutum ɗaya da ke zaune a wannan ƙasa: mai shayi a bakin tasha, ko ungozoma, ko malamin firamare, ko ɗan dokan da aka aika ya kama maƙwabcinsa. Kada ya ambaci alƙaluma ko ɗaya. Ya nuna mana dai yadda doka ta shigo gidan mutumin, me ta taras ana yi, me ta hana a faɗa a gaban yara. A nan ne za a gane ko ɗalibi ya karanta Orwell da gaske, domin dabarun da zai bukata su ne na littafin, watau ƙananan abubuwa irin su ƙanshin kofi na gaske da Julia ta samo a ɓoye, ko ɗan dutsen gilashi da Winston ya saya a shagon tsofaffin kaya don kawai ba shi da wani amfani.

Ranar ƙarshe a karanta labaran a aji da babbar murya. Mai ƙasa ya fito gaba ya zauna, kundinsa a hannu, ya saurari abin da talakansa ya rubuta, ba tare da ya katse shi ba. In an gama a ba shi minti biyar ya kare kansa da dalilan da ya rubuta tun ranar da ya yanke hukuncin, sa'an nan aji ya yi masa tambayoyi. Ni kam na san dokar da za a fara tambayata a kanta, ita ce ta na'urorin ɗaukar hoto, kuma dalilin da na rubuta a ranar bai wuce layi ɗaya ba.